Awa Uku A Ƙofar Gidanmu

Ku da kuka cika min akwatin saƙo wancan makon kuna cewa, "Mehri kin dace, Daler ɗan albarka ne, ki riƙe shi hannu bibbiyu," to yau ku gyara zama. Kada kowa ya goge abin da ya rubuta. Ku bar min shi a nan, zan riƙa komawa ina karantawa duk ranar da na ji zuciyata na neman yin sanyi.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Mehrangez, a gida ana ce min Mehri. Shekarata ashirin da shida. A Dushanbe, babban birnin ƙasarmu, aka haife ni, a nan nake aiki a ofishin hukumar agaji ta wata ƙasar Turai, ba zan kama suna ba. Sashen kwamfuta nake. Bara hukumar ta sayi kwamfutocin hannu guda ɗari biyu domin ƙananan asibitocin ƙauyukan kan dutse, can wajen Rasht, don ungozomomi su riƙa shigar da awon masu ciki, likita yana birni ya gani. Kowace kwamfuta ba ta fara aiki sai an buɗe ta da sunana da lambar sirrina. Daler kuwa shi ne shugaban sashenmu. Shi ya yi sayayyar, shi ya sa hannu cewa an kai su ƙauyuka. Shi ne kuma mutumin da aka karya mana gurasa da shi sati uku da suka wuce.

A wurinmu in dangin namiji suka zo, dattijo ya ɗauki gurasa ya yi addu'a ya karya ta biyu, kowa ya ci, to magana ta ƙare, saura sa rana. Ango ba ya shiga ranar. In ya kawo iyayensa, a waje yake jira.

Ranar Asabar ce. Oca, mahaifiyata, tun da safe take kan tukunyar shinkafa da karas da naman rago, tana yi tana faɗa da kowa. Ni an sa ni rigar siliki mai zanen ja da ruwan ɗorawa, an tura ni ƙuryar ɗaki an ce kada a ji ko tarina. Ta labule nake leƙen farar motar Daler a ƙofar gida, daidai gindin tagar falo. Ƙarfe ɗaya da rabi saƙonsa ya shigo:

"Mehri-jon, ga ni a waje kamar maraya. Data ta ƙare. Turo min lambar sirrin waifai ɗinku in riƙa kallon hotunanki kafin su fito."

Jama'a, "jon" ɗin nan a wurinmu kamar a ce "masoyiyata" ne. Har da rufe baki na yi ina dariya ni kaɗai. Na tura masa, na haɗa da hoton zuciya guda uku. Uku fa! Can an jima ƙanwar Oca ta kai masa faranti, ta dawo tana ta yaba shi: "Kai, yaron nan akwai kunya. Ko gilashi bai iya saukewa sosai ba, ta 'yar kafa ya karɓi farantin." Mata suka yi ta sa masa albarka. Awa uku cur ya yi a wurin, ni kuwa ina ɗaki ina jin ba wadda ta kai ni sa'a.

Ku riƙe wannan, mu je ranar Laraba da ta wuce.

Gwamnatin ƙasar da ke ba hukumarmu kuɗi ta turo oditoci, masu binciken kuɗi. An ce 'yan majalisarsu ne suka tayar da ƙura, suna so su san inda kuɗin sayen kwamfutoci ke shiga. Wadda ta jagorance su sunanta Madam Renata, wata doguwar dattijuwa mai furfura da takalmi shafaffe. Ranar farko aka kai mata kwandon busassun 'ya'yan itace, ta mayar, wai dokarsu ta hana. Duk ofis aka yi ta gulmarta. Ni ko a jikina, don na san aikina tsaf yake.

Da hantsi aka ce tana kirana. Na shiga na tarar da ita da tafinta, wanda muke kira Aka Sattor, wato Yaya Sattor, da 'yar na'urar ɗaukar murya a kan tebur. Ina jin Turanci, amma wai ƙa'idarsu ce sai da tafinta.

Ta ce, "Mun je asibitoci uku a kan dutse. A biyu daga ciki ungozoma ba ta taɓa ganin kwamfutar nan da idonta ba. Ɗaya littafin makaranta ta nuna min, a ciki take rubuta awo."

Na ce, "Ba zai yiwu ba. Duk ɗari biyun suna nuna min suna aiki."

"Haka ne, suna nunawa." Ta turo min takarda. "Guda sittin daga ciki wata bakwai ba su motsa ba. Sai rana ɗaya suka farka gaba ɗaya, daga ƙarfe biyu saura ashirin zuwa huɗu da rabi na yamma. Da sunanki aka buɗe su. Kuma kowacce tana rubuta sunan waifai ɗin da ta hau. Karanta min wannan."

Na duba inda ta ɗora biro. Layi sittin, abu ɗaya: Muallim Nazar 17.

Muallim Nazar, wato Malam Nazar, mahaifina ne, Dada. Sha bakwai lambar gidanmu ce. Shi da kansa ya raɗa wa waifai ɗin wannan suna, don ya ce duk abin da mutum ya biya da guminsa ya sa masa sunansa. Na'urar tana kan tagar falo, Oca ta saƙa mata 'yar murfi ta zare don ƙura.

Na kalli kwanan watan. Asabar ɗin nan ce.

Madam Renata ta ce, "Kin san wurin?"

"Gidanmu ne."

"To ina sauraronki."

Na ce ina neman lokaci. Ta ɗan dube ni, ta kashe na'urar, ta ce gobe ƙarfe tara za ta rufe rahotonta, abin da ke hannunta a lokacin shi za ta rubuta. Aka Sattor, wanda ya ci shinkafar baikona da aka kawo ofis, ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Ta yaya ya samu lambar sirrina ta aiki? Kada ku wahalar da kanku, ni na ba shi. Cikin sanyin bara na kwanta zazzaɓi kwana huɗu, ya ce in ba shi ya rage min aiki. Na ba shi, ban kuma canza ba, don sunansa ne a cikin lambar. Ku zage ni, na yarda, ni ma tun ranar nake zagin kaina.

A harabar ofis na same shi, gindin bishiya, yana shan shayi cikin farar rigarsa da ta sha guga. Ya ga fuskata ya sha jinin jikinsa, amma sai ya yi murmushi.

"Mehri-jon, me ya faru?"

"Hotunana nawa ka kalla ranar Asabar ɗin?"

"Wace Asabar?"

"Daler, kada ka raina min hankali. Sittin ne, ko? Hoto ɗaya, kwamfuta ɗaya?"

Ya waiga hagu da dama. "Ki rage murya. Zo mu shiga mota."

"Motar? Allah ya kiyaye. A nan za ka faɗa min."

Ya ajiye kofin. Na zaci zai rantse, ko ya yi kuka, ko ya ce sharrin shaiɗan ne. Da ya yi ɗaya daga ciki, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai kawai ya gyara tsayuwa ya fara yi min bayani a natse, kamar yana koya wa sabon ma'aikaci aiki.

"Saurara. Na ji labarin zuwansu, dole kayan su nuna suna raye. Daga ofis ba zai yiwu ba, daga gidanmu ma haka. Waɗanda suka zo shekarun baya adadi kawai suka duba, wa ya san wannan tsohuwar za ta bi layi-layi? Amma abin da sauƙi. Ba sa kai ma'aikacin gida kotu, tsoron jaridu suke. Iyakarta su sallame ki."

"Su sallame ni."

"To ba dama a watan goma za ki ajiye aikin ba? Mun yi maganar nan da mahaifiyata. Wata biyu ne kawai ya rage. Ke kin tafi, ni ina nan, albashina ya riƙe mu. In kuwa ni aka kora, me za mu ci? Ki ce kuskure ne, kin kai su gida gwaji, sauran ni zan san yadda zan yi."

"Da sunan ɓarauniya zan tafi, Daler. Duk hukumomin garin nan sun san juna. Shekara biyar ina karatu, huɗu ina aiki."

"Suna kuma na me? Matar gida za ki zama."

Na ce, "Ina kayan?"

Sai ya kai hannu ya taɓa ɗan kunnen da ke kunnena, na zinare mai jan dutse, wanda ya zo a cikin akwatin baiko. Ya ce, "Suna shagon ɗan kawuna, ya riga ya ba ni kuɗinsu. Kina tsammani da me aka cika miki akwati?"

Na buge hannun. Ban san na iya buge hannun namiji a bainar jama'a ba sai ranar. Mai gadi ya juyo, Daler ya yi dariyar yaƙe yana ɗaga masa hannu, wai wasa muke. Na ɗauki jakata na fice ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Ina cikin bas saƙonni suka fara sauka:

"Ki yi tunani da hankali, ba da zuciya ba."

"Don mu na yi."

"Kada ki faɗa wa Muallim."

Ko ɗaya ban amsa ba. Na koma sama na nemo saƙon Asabar ɗin. Yana nan, ƙarfe ɗaya da rabi, da zukatana uku a ƙasansa suna yi min gwalo.

Na shiga gida na tarar da Oca a tsakar gida ta baje audugar katifun da za a kai ni da su, tana ɗinke bakin ɗaya da zare a baki. Dada yana can gefe yana ba inabinsa ruwa. Na so in yi shiru, amma Oca kallo ɗaya ta yi min ta cire zaren.

"Wa ya mutu?"

Na durƙusa na zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a ƙirji. Na jira ta tsine masa. Sai ta ce, a hankali, "To yanzu wa da wa suka sani?"

"Oca!"

"Kada ki yi min ihu. Na ce wa ya sani?"

"Baturiyar ta san rabi. Gobe zan nuna mata sauran."

"Ki nuna mata me? Mehri, an karya gurasa. Mutum arba'in suka ci. Maƙwabta sun ga akwati. Kin san abin da ake cewa da yarinyar da aka karya mata gurasa aka fasa? Ba wanda zai tambayi me ya faru, cewa za a yi wani abu aka gano a jikinta. Baturiyar nan jibi za ta hau jirgi ta tafi garinsu, mu kuwa a layin nan za mu mutu."

"To in yarda a ce ni ɓarauniya ce?"

"A takardar Turawa! Wa ke karanta takardar Turawa a unguwar nan?"

Kun ji fa. Uwata ce, ina sonta, na kuma san tsoro ne ke magana da bakinta. Amma a lokacin ji na yi kamar in kwashe audugar nan in cinna mata wuta.

Ba mu gama ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hola Gulandom ce, uwar Daler, cikin rigar karan-miski kore da haƙoran zinarenta, ta riƙo kwalin alewa. Ashe har ya kai ƙara gida. Aka yi mata shimfiɗa a falo, daidai ƙarƙashin tagar nan. Oca ta harare ni, na je na dafo shayi.

Sai da ta gama tambayar lafiyar kowa har da kajinmu, sannan ta juyo kaina.

"'Yata, na ji an ɗan samu saɓani a wurin aiki. Yaro ne, ya yi gaggawa. Amma ai don ya fita kunyarku ya yi, kada a ce ya kawo akwati mara nauyi. Mace ta gari tun kafin ta shiga gida take fara rufa wa mijinta asiri. Ni shekara talatin ina rufa wa babansa, ga ni ban mutu ba."

Na yi shiru, don ba a mayar wa babba magana.

"Kuma wannan aikin, dama ni ban taɓa sonsa ba. Yarinya tana yini cikin maza da Turawa. Allah ne ya kawo miki hanyar fita cikin sauƙi." Ta gyara zama ta ƙara da cewa, "Shekara ashirin da shida ba wasa ba ce. In wannan ƙofa ta rufe, ban ga mai sake ƙwanƙwasawa ba."

Oca ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. A gidanta, a kan shimfiɗarta, ake gaya mata haka, ta kasa cewa uffan.

A wurinmu baƙon da ake so ɗan kaɗan ake zuba masa shayi a ƙasan kofi, don a yi ta ƙara masa yana zaune. Na ɗauki buta na zuba wa Hola Gulandom, na ci gaba da zubawa, har shayin ya kawo baki yana rawa. Na miƙa mata da hannu biyu, da ladabi, kaina a ƙasa.

Oca ta ce, "Mehri!" kamar an taka ta.

Hola Gulandom ta dubi kofin, ta dube ni. Haƙoran zinaren suka ɓace. Ba ta karɓa ba. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce da Oca, "Ki yi wa 'yarki magana kafin gobe." Ta fita ta bar kwalin alewarta.

Oca ta wanke ni tas, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Duk wannan abin Dada bai ce komai ba. Yana tsakar gida, tiyo a hannu, ruwa ya cika gindin inabin har yana malala. Da na zo wucewa ya kira ni.

"Mehri. A takardar, sunan wa aka rubuta?"

"Nawa, Dada. Da naka. Sau sittin."

Ya gyaɗa kai, ya je ya kashe famfo. Shi ke nan abin da ya ce. Na ji haushinsa shi ma, ba zan ɓoye muku ba. Shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi, yara na rawar jiki in sun ji takunsa, amma ranar da nake buƙatar muryarsa ya tsaya yana ba itace ruwa.

Yanzu ga inda zan faɗi abin kunyata. Da safe ina shiri, na sa baƙin siket da farar riga, Oca ta shigo da idanu a kumbure. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara min wuyan riga, ta ce, "Ki goge saƙon nan, 'yata. Don ni." Na buɗe wayar, na danne saƙon har akwatin gogewa ya fito. Yatsana yana kai. Na tuna yadda ya riƙa kawo min magani cikin sanyi, da yadda yake jirana a tashar bas da lema. Sai kuma na tuna cewa a makon maganin nan ne ya karɓi lambar sirrina. Na mayar da wayar jaka na ce, "Na makara, Oca."

Tara saura biyar na shiga. Madam Renata na zaune da kofin ruwan zafinta, Aka Sattor a gefe, na'ura a kunne. Daler yana can ofishinsa, ta gilashi na hango shi ya ɗago min hannu yana murmushi. Wato ya gama yarda na shiga in yanka kaina.

Ta ce, "Kina da abin faɗa?"

"Ina da abin nunawa."

Na buɗe saƙon na tura mata wayar. Ta miƙa wa Aka Sattor. Ya karanta a zuci, kunnuwansa suka yi ja, sannan ya fassara mata kalma-kalma, har da "kamar maraya". Ta duba lokacin saƙon, ta duba takardarta. Ɗaya da rabi. Biyu saura ashirin.

Ta ce, "Wannan ya nuna ya nemi lambar waifai ɗin gidanku. Bai nuna abin da ya yi da ita ba. Zai iya cewa hotuna ya kalla. Kuma ke kika bayar da lambar aikinki, wannan laifi ne, zan rubuta shi."

"Ki rubuta. Na yi shi."

"Akwai wanda ya ga kayan a motarsa?"

Na tuna gilashin da bai sauke ba. Na ce, "Babu."

Ta ja numfashi ta ɗauki biro. Na ce a raina shi ke nan, na rasa mijin, na rasa sunan, na kuma ƙona zuciyar uwata a banza.

Wayar tana hannun Aka Sattor ta yi ƙara. Ya kalli fuskarta. Ya kalle ni. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Madam Renata ta ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Sabon saƙo ne, daga mutum ɗaya." Ya dube ni yana neman izini. Ban san me ke ciki ba, amma na ce ya karanta.

Ya gyara murya: "Mehri-jon, kin goge na Asabar ɗin? Ki ce gwaji kika yi. Kada ki ambaci shagon, zuwa yamma za a kwashe kayan."

Ta gilashi ina hango Daler, wayarsa a hannu, yana jiran amsa. Madam Renata ta ajiye biron ta ce, "Sake karantawa, a hankali, kusa da na'urar." Sannan ta tambaye ni ko na san inda shagon yake. Na sani mana. Can ya kai ni na zaɓi rigar wayata.

Ba zan ce na ji daɗi ba. Da na fito na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na baƙin ciki da haushi, ba na nadama ba. An ba ni takardar gargaɗi, an ce in zauna a gida sati biyu har a gama bincike. Na yarda, na sa hannu. Amma a rahoton nan ba a rubuta ni ɓarauniya ba.

Da la'asar na sauka daga bas, ina tafe ina shirya yadda zan haɗa ido da Oca. Na tura ƙofa na yi turus. Akwatin baiko na tsakar gida, an ɗaure shi da igiya tamau, kwalin alewar jiya a kansa. Oca na zaune a bakin baranda tana sharar hawaye. Dada kuwa yana tsaye cikin tsohuwar kwat ɗinsa ta makaranta, wadda rabonsa da ita tun ranar da ya yi ritaya, da hularsa, takalmi ya sha mai.

Bai tambaye ni me na yi a ofis ba. Ya buɗe tafin hannunsa kawai.

"'Yan kunnen."

Na ciro su na zuba masa. Ya naɗe su a hankici ya sa a aljihu.

Oca ta ce, "Muallim, mutane fa? Me za mu ce wa mutane?"

"Ki ce musu ni na fasa. Ni na ci gurasar, ni zan je in ce ta tsaya min a wuya." Ya juyo gare ni. "Kama wancan gefen. A hannu za mu kai shi har titi, kowa ya gani."

Muka ɗaga, nauyi kamar an cika shi da duwatsu. Muna fitowa ƙofa, maƙwabta sun fara leƙe, sai ga farar motar ta shawo kwana a guje. Ta zo ta tsaya daidai gindin tagar falo, wurinta na ranar Asabar. Daler ne, riga duk ta yamutse, ido jajur. A karon farko ya sauke gilashin har ƙasa.

"Muallim, don Allah ku saurare ni, minti biyu kawai..."

Dada ya ajiye gefensa a hankali, ya karkaɗe hannu, ya leƙa ta tagar motar.

"Madalla da ka zo, ka rage mana wahala. Buɗe but ɗin motar, ɗana. An gaya min yana ɗaukar kaya sosai."